Ƙaron goge: ɗan abu mai babban aiki

 

Ni mai goge ne, ɗan mai goge. An haife ni a wani ƙauye na ƙasar Agye, kusa da Gulbin Kaba. Na yi kiɗa a Gazawa da Gangara da Cadawa, na yi a Tibiri da Gidan Rumji. Sai da furfura ta fara fito mini sannan na shiga karatun manya. Yau da na iya riƙe alƙalami, ina so in rubuta abin da ba a taɓa tambayata ba a wajen biki.

In muka sauka gari, mutane sukan tambayi waƙa. Wasu su tambayi fatar da aka rufe ƙwaryar da ita. Wasu su tambayi dokin da aka yanko wa izga. Ba mai tambayar ɗan baƙin dunƙulen nan da ke liƙe a gefen ƙwarya. Shi ne ƙaro. In babu shi, goge ba ya magana. Ko sarkin makaɗa ne ya ɗauka, sai dai ka ji fuu, kamar iska ta bi ta kan zana.

Me ƙaro ke yi?

Kun san yadda goge yake. Rabin ƙwarya ce, an rufe ta da fatar guza. An soka sanda ta ratsa ta. An ɗaura tsarkiya ta gashin wutsiyar doki, an ɗora ta bisa ɗan icen nan da muke kira jaki. Sai baka, shi ma da nasa gashin dokin. Ke nan gashi ne ke goga gashi.

Gashin doki kuwa santsi gare shi. Ja shi tsakanin yatsunka ka gani. Abu mai santsi in ya haɗu da mai santsi, zamewa suke yi, ba mai kama wani. Ƙaro shi ke sa su kama juna.

Ga yadda abin yake. Ka ja baka, ƙaro ya kama tsarkiya ya ja ta gefe. Ta yi ƙarfi ta ƙwace, ta koma. Ƙaro ya sake kama ta, ta sake ƙwacewa. Kama da saki, kama da saki, sau ɗaruruwa kafin ka ƙifta ido sau biyu. Wannan kaɗawar ce ke bi ta jaki ta shiga fata, ƙwarya ta ƙara mata murya. Wani masani Bajamushe mai suna Helmholtz ya bincika wannan motsi wajen shekarar 1860, ya rubuta shi a littafi. Kakanninmu ba su karanta littafinsa ba, amma hannunsu ya san maganar.

Saboda haka ƙaro mai kyau aiki biyu gare shi. Ya iya kamawa, ya kuma iya saki. Wanda ba ya kamawa, ba murya. Wanda ya kama bai saki ba, sai ka ji ƙara kamar ana jan ƙyauren kwano. Duk zaɓen ƙaro a tsakanin nan yake.

Ba kowane ƙaro ba ne ƙaron goge

A Hausa suna ɗaya muka ba su, amma ƙaro iri biyu ne.

Na farko shi ne mai narkewa cikin ruwa. Ƙaron dakwara ke nan, da na ciriri wanda yara ke tsotsa a daji. Shi malamai ke sa wa tawada don ta kama allo. Shi ne kuma ƴan kasuwa ke saye su kai ƙasashen waje. Yana da daraja, amma ba na goge ba ne. In ya bushe, ƙarau yake kamar kwalba, ba ya kama gashi. In ya sha raɓa ko zufa, sai ya zama yauƙi ya manne gashin wuri ɗaya.

Na biyu shi ne wanda ruwa ba ya narkar da shi, sai wuta. Ƙaron maje ke nan, da na hano, wanda wasu ke kira ararraɓi. Mata sun san su, domin da su ake turaren wuta. Hano ɗan'uwan icen lubban ne, wanda ake samu a Oman da Yaman da Somaliya. Irin wannan ƙaro in ya ji ɗumi sai ya yi laushi ya yi danƙo, in ya huce ya koma tauri. Gogar baka tana kawo ɗan zafi daidai inda gashi ya taɓa tsarkiya. Zafin nan ke sa ƙaro ya saki a lokacin saki, ya kama a lokacin kamu.

A gidanmu da waɗannan biyun muke aiki. Na maje ya fi tauri, yana yin gari. Na hano, in sabo ne, ya fi laushi da danƙo. Akwai kuma na dashi. Mahaifina ba ya son sa shi kaɗai, ya ce rabinsa na ruwa ne rabinsa na wuta, ba ya tsayawa kan magana ɗaya.

Gwaji huɗu kafin ka biya kuɗi

Ƙaro a faifan mai koli kama yake da juna. Wani ma gauraye yake, da ɓawo da yashi. Araha ba ta ado. Ga yadda nake gwadawa.

1. Gwajin ruwa. Ɓanci kaɗan ka sa a baki, ko ka jefa a moɗa. In ya narke ya yi yauƙi, bar wa malamai su yi tawada.

2. Gwajin wuta. Ɗora ɗan guntu bisa garwashi. Na goge zai narke ya yi hayaƙi mai ƙamshi. Na ruwa sai ya kumbura ya ƙone ya yi baƙi.

3. Gwajin yatsa. Murƙushe kaɗan, ka murza garin tsakanin babban yatsa da manuni. In yatsun suka ɗumama, ya kamata ka ji suna kama juna suna ɗan ƙara. In ka ji kamar garin gero ne kawai, ƙaron ya tsufa, ƙarfinsa ya tafi.

4. Gwajin ido. Ɗaga shi ga rana. Wanda haske ke ratsawa ya fi tsabta. Yashi a cikin ƙaro wuƙa ce ga gashin doki.

In na kawo shi gida, nakan narkar da shi a tsohon gwangwani bisa wuta marar ƙarfi. Kada a bari ya tafasa, kuma a yi nesa da danni da yara, domin yana kama wuta, yana kuma ƙuna ƙwarai. In tace shi da tsumma mai tsabta. Tun da sauran ɗuminsa in liƙa dunƙule a gefen ƙwarya, inda baka zai same shi ko ana tsakiyar kiɗa.

Kowane lokaci da nasa ƙaro

Nan ne ilimin yake. Ƙaron da ya yi maka daɗi da ɗari, shi zai ba ka kunya da bazara.

Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi a jahar Maraɗi yakan wuce digiri 40. Ƙaro mai laushi sai ya narke ya dalala a jikin ƙwarya. Gashi ya manne, murya ta shaƙe. Lokacin nan mai tauri ake so. Ni nakan rinjayar da na maje.

Da hunturu, sanyi da bushewa sukan sa ƙaro ya yi ƙarau. Ka goga, ya zube kamar toka, baka ya riƙa zamewa. Lokacin nan sai a ƙara mai laushi. Amma a yi hankali, domin ƙurar hunturu tana son danƙo. In ka cika shi, kafin kwana uku gashinka ya yi baƙi da datti.

Da damina, ba ƙaro ba ne ke da laifi. Gashin doki yana shan danshi ya saki. Fatar guza ma ta saki. Yaro sai ya yi ta ƙara ƙaro yana cewa goge ya ƙi. Ba ƙaro yake so ba. Kai shi kusa da wuta ya ɗan ji ɗumi, ka ƙara ɗaure tsarkiya, sai murya ta dawo.

Goge da kukuma ma ba ɗaya ba ne. Kukuma ƙarama ce, tsarkiyarta gajera, muryarta siririya. Ɗan ƙaro mai gari ya ishe ta. Ku saurari tsofaffin kasa-kasai na Ahmadu Doka ko na Hassan Wayam, ku ji yadda kukuma ke gudu da sauri. Sannan ku saurari gogen Garba Liyo, ku ji nauyin muryar. Tsarkiya mai kauri, mai yawan gashi, tana son ƙaron da zai riƙe ta da kyau kafin ta motsa. Ɗan akuya da igiyar rama ake jan sa. Sa kuwa sai da igiya mai kauri.

Giwar goge ta Turawa

Wani ɗan ƙanena da ya yi lakkwal a Yamai ya zo hutu. Ya nuna mini wani abu cikin wayarsa. Na ga Bature tsaye, ya rungumi wani goge da ya fi shi tsawo. Faransawa suna kiran sa kwantarbas. Ni na sa masa suna giwar goge. Tsawonsa ya kai kusan mita 2. Da katako ake yin sa, ba a ɗaukar sa a cinya, a ƙasa yake tsayawa da ƙafa ɗaya. Yawanci tsarkiya 4 gare shi. Wadda ta fi kauri tana kaɗawa sau 41 cikin sakan guda. Muryarta kamar cida daga nesa.

Yaron ya karanta mini labarinsa, na yi ta mamaki. Shekaru ɗaruruwa, da hanjin tumaki ake murɗa tsarkiyarsa. A wanke hanjin, a kankare, a murɗa da yawa wuri ɗaya, a shanya. Sai wajen shekarun 1950 tsarkiyar ƙarfe ta yi yawa. Har yau akwai masu son ta hanji, musamman masu kaɗa kiɗan kakanninsu. Sun ce muryarta ta fi ɗumi. Bakansu kuwa gashin doki ne, irin namu. Da yawa cikin masu giwar goge sun fi son baƙin gashi, don ya fi kauri da kaushi.

Su ma ba su da murya sai da ƙaro. Nasu daga wani ice mai ganye kamar allura yake fitowa, wanda Ingilishi ke kira fayin. Sukan tsaga jikin icen su tara ruwan, su dafa shi har mai ya fita, abin da ya rage ya daskare. Faransawa suna ce masa kolofan, daga sunan wani tsohon gari, Kolofon, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya.

Abin da ya fi ba ni dariya, gardamarsu irin tamu ce. Mai ƙaramin goge, wanda ake sa wa a wuya, ƙaro mai tauri yake saye. Mai giwar goge kuwa mai laushi yake nema, har akan ƙara masa kakin zuma ko wani abu mai sa taushi. Wani laushinsa ya kai in ka bar shi a rana sai ya malale daga gwangwaninsa. Suna da na lokacin zafi, suna da na lokacin sanyi. Masu tsarkiyar hanji kuma sun rabu biyu. Wasu sun ce tsarkiya mai kauri haka sai mai danƙo. Wasu sun ce hanji yana da kaushinsa, ba kamar ƙarfe ba, mai danƙo da yawa sai ya taru a kansa ya shaƙe murya, gara mai ɗan gari. Hanji kuma yana shan danshi ya saki, kamar gashin dokinmu da damina.

Na ce wa yaron: ɗana, ka ga wannan Bature? Da za a zaunar da mu tabarma ɗaya, ba ma bukatar tafinta. In miƙa masa nawa, ya murza a yatsa. Ya miƙo mini nasa, in murza. Mun gama magana.

Haka yake ga maƙwabtanmu. Zabarmawa suna da nasu gogen. Matan Abzinawa suna kaɗa imzad, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma duk mai jan gashin doki bisa tsarkiya, sai ya nemi ɗigon ice.

Abokan gaban ƙaro

Babban maƙiyinsa mai ne. Ka ci ƙuli-ƙuli ko tsire, ka taɓa gashin baka, ka kashe wurin. Ko ka goga ƙaro sau goma, in baka ya iso nan sai ya yi tsalle. Shi ya sa mai goge ba ya son a ɗaukar masa kaya. Ba girman kai ba ne. Maganin abin, a wanke gashin da sabulu, a ɗauraye, a shanya a inuwa, a sake sa ƙaro.

Na biyu shi ne yawa. Almajirin goge yakan zaci yawan ƙaro shi ne yawan murya. A'a. Goga sau uku ko huɗu, ka gwada. In bai isa ba ka ƙara. Ƙari ba wuya, ragewa ce wuya. Bayan kiɗa kuma a share tsarkiya da busasshen tsumma.

Na uku rana ce. Kada ka rataye goge a jikin bangon da rana ke duka. Kada ka bar shi bisa kan mota tun daga Gazawa har Maraɗi ba rufi.

Ina icen yake?

Yanzu na zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Maje icen ƙasa mai ruwa ne. Ba ya son yashinmu. Daga kudu fatake ke kawo mana ƙaronsa, ta Katsina da Jibiya. A 1984 Nijeriya ta rufe iyakarta, ba a buɗe ba sai 1986. Shekarar ce kuma ta yunwar da muka sa wa suna El Buhari. Wanda ke neman abin da zai sa a baki ba ya maganar ƙaro. Amma ni da goge nake ciyar da gidana. Na tuna yadda na riƙa kankare tsohon ƙaro daga fasassun ƙore ina sake narkarwa. Abin da dala biyu ke saye da, ya zama abin nema. Ran nan na san darajar icen da ke bayan gida.

Hano da dashi su ne namu na kusa. Da can, akwai su a shingen gidaje da gefen gonaki. Fari na 1973 da na 1984 sun ci da yawa. Gatari ya ci saura. Hano kuma yana da wani bala'in: ɓawonsa magani ne, kowa ya zo sai ya ɓare. In aka ɓare ice zagaye, an yanke masa maƙogwaro. Da wuya ya rayu. Yau yaro a ƙauyenmu zai kai aure bai ga hano tsaye ba.

Amma mun ga abin da hannun manomi zai iya. Tun daga shekarun 1980 aka fara sassaben zamani a jahar Maraɗi. In kututture ya yi toho a gona, ba a sare shi duka. A zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a gyara su, a bar su su girma. Mutanen Ɗan Saga, nan ƙasar Agye, sun yi suna da wannan aiki har baƙi na zuwa kallo daga wasu ƙasashe. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka dawo a kudancin Nijar sun kai eka miliyoyi, hekta wajen miliyan 5. Gawo ya dawo, kalgo da sabara sun dawo, aduwa ta dawo.

Roƙona shi ne a sa hano da dashi cikin lissafi. Ba su da wuyar dasawa. Ba sai da iri ba. A sari reshe mai kauri kamar damtse, a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka. A kafa shi a ƙasa, a kare shi daga awaki. Da yardar Allah zai kama. Ka sami shinge, uwargida ta sami turare, mai magani ya sami ɓawo, mai goge ya sami ƙaro. Mai ɗibar ɓawo kuma ya ɗiba gefe ɗaya, ya bar wa icen hanyar abincinsa. Mai neman ƙaro ya yi ƴar tsaga kaɗan, ya dawo bayan kwanaki. Ice ba ya son gaggawa.

Ga matasa

Na san ra'ayi ya bambanta game da goge. Wasu in sun ji shi sai su tuna da bori, domin a ƙasar Maraɗi da Tibiri goge da ƙwarya su ne kiɗansa tun da. Wasu kuma biki suke tunawa, da suna, da waƙar noma. Yau kuma na'ura ta shigo, yaro ɗaya da lasifika ya isa biki. Masu goge sun ragu. Waɗanda suka san haɗa ƙaro sun fi raguwa.

Ba na ce kowa ya zama makaɗi ba. Abin da nake cewa, kowace sana'a tana da nata ƙaron, ɗan abin da ba a gani, wanda in babu shi aiki ya tsaya. Maƙeri ya san gawayin da ke ba ƙarfe zafi, na ƙirya. Majemi ya san bagaruwar da ke jeme fata. Mai rini ya san tokarsa. Duk daga ice suke, duk kuma a cikin kan tsofaffi suke. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da can, in tsoho ya rasu, abin da ya sani ya bi shi. Yanzu mun iya rubutu. Kai da ka gama karanta wannan, akwai tsoho mai sana'a a garinku. Ɗauki takarda da fensir, ka kai masa goro. Ka ce: Baba, mene ne ƙaramin abin da aikinka ba ya yiwuwa sai da shi? Daga wane ice yake? A wane wata ake ɗibarsa? Ka rubuta yadda ya faɗa, ka kawo wa malamin karatunku a karanta wa kowa. In damina ta kusa kuma, ka kafa reshen hano ɗaya a bayan gidanka.

Allah ya ba mu damina mai albarka.